Kafin ka sake sayen batir: yadda ake lissafin bolt, amper, om da wat

A watan Afrilun da ya wuce, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40 tun kafin azahar, wani mai shago a Talaje ya aiko a kira ni. Yana da farantin sola a kan rufi, batir mai bolt 12 a ɗakin baya, sai tele da fanka biyu da ƙwayayen wuta a cikin shagon. Kullum bayan magariba telen sai ta riƙa ɗaukewa, fankokin kuma suna juyawa kamar an yi musu dole. Sau biyu ke nan yana canza batir cikin shekara guda.

"Malam, batiran yanzu duk jabu ne," in ji shi.

Na sa ya kunna komai, na ɗora na'urar awo a kan batirin, ta nuna bolt 12.4. Na bi wayar har cikin shago na sake aunawa a bayan tele, sai ga 10.1. Na ce, "Alhaji, kama wayar nan ka ji." Ya kama, ya dube ni. "Ai da ɗumi." Na ce masa ga inda wutarsa ke tafiya. Batirinsa lafiya lau yake, wataƙila ma waɗanda ya zubar ba su da laifi. Waya ce siririya aka ja masa tsawon mita 10.

Abin ya tsaya mini a rai, domin kuɗin batir biyu ba ƙaramin abu ba ne ga mai shagon unguwa, alhali lissafin da zai cece shi bai fi na ɗan firamare ba. Shi ne zan shimfiɗa a nan, daki-daki.

Abubuwa huɗu da ake auna wa wuta

Ka ɗauki tankin ruwa da ke saman gida, da tiyo da ya sauko zuwa famfon tsakar gida. Duk yadda tankin ya ƙara tsawo, haka ruwan ke ƙara matsowa da ƙarfi. Wannan matsin shi ne kwatankwacin abin da ake aunawa da bolt. Ka lura, matsin yana nan ko famfo a rufe yake. Haka bolt 220 na NIGELEC, kamfanin wutar Nijar, ke jira a bakin priz, wato soket, ko ba ka jona komai ba.

Yawan ruwan da ke wucewa ta tiyon idan an buɗe famfo, shi ne kwatankwacin amper. Amper ba ta samuwa sai wuta ta sami hanyar fita daga inda ta taso, ta bi ta cikin kayan aiki, ta koma gida ta ɗaya wayar. In hanyar ta yanke a ko'ina, gudu ya tsaya. Abin da makunni ke yi ke nan.

Na uku turjiya. Tiyo siriri, ko dogo, ko wanda wani ya taka, ba ya barin ruwa ya wuce yadda yake so. Kowace waya da kowane kayan wuta suna da irin wannan turjiyar, ana auna ta da om.

Na huɗu shi ne aikin da wutar ke yi a kowane lokaci, ko haske, ko zafi, ko juya fanka. Shi ake aunawa da wat. Sunayen nan huɗu duk na mutane ne: Volta ɗan Italiya da ya haɗa batir na farko a 1800, Ampère ɗan Faransa, Watt ɗan Sikotilan, da Ohm Bajamushen malamin makaranta wanda ya wallafa dokarsa a 1827.

Mu a nan komai "kuran" muke ce masa. An kawo kuran, kuran ya yi ƙasa, kuran ya ƙona firiza. A hira ba laifi. Amma in za ka kama waya da hannunka, sai ka san wanne daga cikin huɗun kake nufi.

Dokokin da ke haɗa abubuwan nan huɗu guda biyu ne, kuma wanda ya yi kwaleji a Nijar ya gan su a allo da waɗannan haruffan: U na bolt, I na amper, R na om, P na wat.

U = R × I

P = U × I

Ta farko tana cewa in ka ninka turjiya da amper, ka sami bolt ɗin da aka ci a wannan wurin. Juya ta, sai ta zama amper daidai take da bolt raba da turjiya. Ta biyu tana cewa bolt sau amper shi ne wat. In ka auri ɗaya da ɗaya sai su haifi ta uku, wadda ni a ganina ta fi su muhimmanci ga mai aikin hannu:

P = R × I × I

Amper sau biyu ta shigo. Ma'ana, in amper ta ninka biyu a cikin waya, zafin da wayar ke yi ninki huɗu zai yi. In ta ninka goma, zafin ya ninka ɗari. Riƙe wannan da kyau.

Mataki na farko: karanta abin da aka rubuta a jikin kaya

Kowane kayan wuta na da ɗan tambari a baya ko a ƙasa. Nemi lambar da W ke biye da ita. Dutsen guga yakan kai wat 1,000 ko fiye. Fanka ta tsaye wat 50 zuwa 75. Ƙwan LED wat 7 zuwa 12. In A aka rubuta maimakon W, ninka ta da bolt ka sami wat. Ka rubuta su duka a takarda, kowanne da awa nawa yake aiki a rana. Mutane na raina wannan takardar, amma duk lissafin da zai biyo baya a kanta yake tsaye.

Mataki na biyu: mayar da wat zuwa amper

Raba wat da bolt. Dutsen guga mai wat 1,000 a kan bolt 220 yana jan amper 4.5. Fanka mai wat 60 ba ta kai sulusin amper ɗaya ba.

Yanzu je wurin kwantar ɗinka, mitar wutar gida ke nan, ka duba disjonkter, wato makunnin nan da ke faɗuwa da kansa in kaya sun yi yawa. Akwai lambar amper a jikinsa. In 15 ce, to 15 sau 220 ya ba ka wat 3,300, iyakar abin da gidan zai ɗauka lokaci guda ke nan. Kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai wat 1,200, dutsen guga 1,000, butar dafa ruwa 1,500, sun kai 3,700 tun ba a ƙirga firiji ba. Dole ya faɗi. Disjonkter da ke faɗuwa aikinsa yake yi, kuma ina roƙon kowa da girman Allah kada ya bari wani ya ɗaure masa shi ko ya tsallake shi da guntun waya. Wayar cikin bango ce za ta ɗauki zafin a maimakonsa, a inda ido ba ya gani.

Haka ralonj, wato doguwar wayar nan mai baki huɗu ko biyar. Yawan bakunan ba ya nufin za ta ɗauki duk abin da aka cusa mata. Amper ɗin dukkan kayan taruwa suke yi su bi ta siririyar waya guda. Cajin salula da tele ba komai. Dutsen guga da buta, kowanne ya sami priz ɗinsa na bango.

Kwantar kuma ba wat take ƙirgawa ba, wat sau awa take ƙirgawa. Wat 1,000 na tsawon awa ɗaya shi ne kWh ɗaya da kake gani a takardar biya. Kilim mai wat 1,200 in ya yi awa 8 yana aiki ba hutawa, ya sha kWh 9.6. Fanka mai wat 60 a wannan daren ba ta kai rabin kWh ba.

Mataki na uku: turjiyar waya, inda Alhaji ya yi asara

A nan zan daɗe, domin nan ne mafi yawan masu sola ke faɗawa rami.

Ana sayar da waya da kaurin jan ƙarfen da ke cikinta: 1.5, 2.5, 4, 6, 10, 16, har sama, a ma'aunin milimita murabba'i. Turjiyar wayar jan ƙarfe ana samun ta haka: ninka tsawonta a mita da 0.0175, ka raba da kaurinta. Sai dai tsawon ninki biyu ne na tazarar, saboda wuta zuwa take yi ta dawo.

Mu koma shagon Talaje. Kayansa gaba ɗaya wat 120 ne. A bolt 12, wannan amper 10 ke nan. Tazara mita 10, zuwa da dawowa mita 20, waya mai 1.5. To 20 sau 0.0175 ya ba da 0.35, a raba da 1.5, turjiya ta zama om 0.23. Lamba ce ƙarama, kamar ba komai. Amma ninka ta da amper 10: bolt 2.3 sun salwanta a hanya. Daidai abin da na'urata ta nuna. Ninka bolt 2.3 da amper 10 kuma, wat 23 ke nan suna zama ɗumi a cikin roba, kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutar da batirin ke fitarwa.

Ɗauki wannan wayar dai, da wannan wat 120, ka sa su a kan bolt 220. Amper ta koma 0.55. Abin da zai ɓace a hanya bolt 0.13 ne, cikin 220. Ba wanda zai ji shi. Shi ya sa mai gyaran da ya saba da wutar NIGELEC yake jan waya mai 1.5 da zuciya ɗaya, ya ga tana yi a ko'ina, sai ya kai ta kan sola ta ba shi kunya. Wat ɗaya ne, amma da bolt ya yi ƙasa sai amper ta hau ta cike gurbin, ita kuwa waya amper take ji.

Magani iri uku ne. Ko ka gajarta wayar, ko ka ƙara mata kauri, ko ka ɗaga bolt. Mun matso da batirin Alhaji zuwa mita 4 daga kayan, muka sa waya mai 6. Mita 8 sau 0.0175 raba da 6, om 0.023. Asarar ta dawo bolt 0.23. Tun daga ranar telen ba ta sake ɗaukewa ba. Ƙa'idar da nake bi a bolt 12 ita ce kada asarar hanya ta wuce rabin bolt.

Wannan dalilin ne ya sa layin da ke kawo wa Yamai wuta daga Birnin Kebbi yake ɗauke da bolt 132,000. A lissafi mai sauƙi, wat miliyan ɗaya a bolt 220 na buƙatar amper sama da 4,500, wadda ba wayar da za ta kai ta nesa ba ta narke ba. A bolt 132,000 kuwa amper 8 ma ba ta cika ba. Sai an iso gari taransifoma ke sauke bolt ɗin mataki-mataki har ya zama 220 a ƙofar gidanka.

Wani abin da za ka kiyaye in ka shiga Katako ko kowace kasuwa sayen waya: akwai wadda cikinta alminiyom ne aka shafe da jan ƙarfe. Turjiyarta ta fi ta jan ƙarfe na gaskiya da fiye da rabi, kuma tana saurin karyewa a wurin ɗauri. Kankare silin ɗaya da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka san abin da ke hannunka. Ga ta kuma ba nauyi. Wata kuma robar ce mai kauri, ƙarfen ciki ɗan tsurut. Ka sa a fere maka bakinta ka gani da idonka kafin ka biya.

Ɗauri mai sako-sako

Ba tsawon waya kaɗai ke kawo turjiya ba. Kusar priz da ba a ɗaure sosai ba, ko waya biyu da aka murɗe da hannu aka naɗe da leda, ko kan batir da ya yi farin gishiri, duk turjiya ce a wuri ɗaya. A ce rabin om ce kawai, amper 10 na bi ta wurin. Rabi sau 10 sau 10, wat 50 na zafi a wurin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Roba za ta yi laushi, ta yi baƙi, ta fara wari. Disjonkter kuwa ba zai faɗi ba, domin amper ɗin ba ta wuce ƙa'ida ba. Gobarar shaguna da yawa daga nan take farawa, cikin dare, bayan an rufe an tafi. In ka taɓa priz ka ji zafi, ko ka ga ya yi ruwan ƙasa a bakin ramin, kashe wuta daga kwantar a canza shi a ranar.

Mataki na huɗu: batir da konbatisar

Tun da aka yanke wutar Najeriya a watan Agustan 2023, wadda ba ta dawo ba sai Maris na 2024, gidaje da shaguna da yawa a Yamai suka koma ga sola. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage wahalar, amma har yanzu mai hali yana son nasa a kan rufi. To ga lissafinsa.

A jikin batir za ka ga misali 12V 100Ah, Ah ɗin amper sau awa ke nan. Ninka su: 1,200, wato wat 1,200 na awa ɗaya. Amma batir na dalma, ko mai ruwa ko jel, ba a shanye shi duka. Rabi ake ci in ana son ya daɗe bai mutu ba, saura 600 ke nan. Fanka mai wat 60, tele mai 50, ƙwai uku masu wat 9, jimla 137. In ta konbatisar suke bi, wato na'urar da ke mayar da bolt 12 zuwa 220, wadda maƙwabtanmu ke kira inbata, ita ma tana cin nata kason, sai ka ƙaddara wat 160. Raba 600 da 160, awa huɗu ma ba ta cika ba. Wanda ya ce maka batir ɗaya zai kai ka asuba da waɗannan kayan, kashe maka batirin zai yi cikin watanni. Batirin litiyom ya fi jure zurfin ci, ana iya shan kashi 80 cikin ɗari nasa, shi ya sa kuɗinsa ya fi.

Kana iya gane cikar batirin dalma da na'urar awo, bayan ya huta awa biyu ko uku ba caji ba kaya: 12.7 cike yake, 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 11.9 ya kusa ƙarewa. Kuma ka nema masa inuwa da iska. Batirin dalma an tsara shi ne don digiri 25, duk ƙarin digiri 10 kuwa yana rage kusan rabin rayuwarsa. Ɗakin kwano a watan Mayu kabarinsa ne.

Konbatisar mai wat 1,000 a kan bolt 12 tana jan amper 83 a takarda, a zahiri sama da 90. Dubi wannan lambar ka tuna da dokar amper sau amper. Wayar da ke tsakaninta da batir dole ta zama mai 25 ko 35, gajeriya, kada ta wuce mita ɗaya da rabi, da fis, wato abin da ke tsinkewa in amper ta yi yawa, kusa da kan batirin. In buƙatarka ta haura haka, haɗa batir biyu a jere, jan kan wannan da baƙin kan wancan, ka sami bolt 24, amper ta ragu da rabi. Huɗu a jere bolt 48 ne. In kuwa ka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, bolt na nan a 12, Ah ce ke ƙaruwa. Kada ka haɗa tsoho da sabo, tsohon zai ja sabon ƙasa.

Farantin sola ma ba ya ba da abin da aka rubuta masa. Lambar an auna ta ne a digiri 25, shi kuwa a kan rufinmu da tsakar rana yakan kai 65, kuma kowane digiri na rage kusan 0.4 cikin ɗari. Kashi 16 sun tafi ke nan, ban da ƙurar hunturu. Faranti mai wat 150 yakan ba da amper 8 da ɗoriya a bolt 18. In regilater ɗinka, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin faranti da batir, ƙarami ne irin PWM, batirin zai jawo bolt ɗin zuwa 13, sai 13 sau 8.3 ya ba ka wat 108 kacal. Irin MPPT shi ke juya rarar bolt ɗin ta zama amper. Goge farantin da sassafe kafin ya yi zafi.

Idan kuran ya yi ƙasa

Da yamma a lokacin zafi, a wasu unguwanni za ka auna priz ka ga 180 maimakon 220. Dutsen guga ba ruwansa, turjiyarsa om 48 ce, zai ja amper 3.7 ya ba da wat 670, ya yi sanyi-sanyi kawai. Amma duk abin da ke da mota a ciki, wato inji mai juyawa, kamar firiza, kilim, injin jan ruwa, akasin haka yake yi. Nauyin da zai juya bai ragu ba, don haka sai ya ƙara jan amper, wayoyin cikinsa su yi zafi. In ka ji firiza na gurnani, ta yi ƙas ta tsaya, ta sake gwadawa, cire ta har wuta ta daidaita. Matan da ke sana'ar ƙanƙara da zoɓo su suka fi shan wannan wahalar, kuma na'urar daidaita bolt ta fi sabon kwamfireso, wato injin cikin firiza, araha nesa ba kusa ba.

Jikin mutum ma waya ne

Dokar Ohm ba ta bar mu ba. Busasshiyar fata na da turjiya mai yawa, amma jiƙaƙƙen jiki, ko da gumi ne, ƙafa ba takalmi a kan siminti mai laima, turjiyarsa na iya sauka zuwa om 1,000. Raba 220 da 1,000, amper 0.22, wato miliamper 220. Daga miliamper 30 zuciya ke shiga haɗari. Disjonkter mai amper 15 ba zai ko motsa ba, domin shi waya yake karewa. Abin da ke kare rai shi ne wanda ake kira diferansiyel mai 30 mA, tare da wayar ƙasa da aka binne sandarta da kyau. Duk gidan da ke da yara, ko injin wanki, ko na'urar dafa ruwan wanka, ya kamata ya sa shi, a kuma danna maɓallin gwajinsa sau ɗaya a wata.

Bolt 12 ba ya kama mutum, amma kada ka raina batir. In sifana ta faɗa ta haɗa kawunansa biyu, turjiya kusan babu, ɗaruruwan amper za su bi ta cikinta nan take, ta yi ja, batirin ma na iya fashewa. Cire zobe da agogo kafin ka sunkuya kansa.

Yadda ake riƙe na'urar awo

Bolt ake aunawa tsakanin waya biyu, wuta na kunne. Juya na'urar zuwa V mai layi miƙaƙƙe in batir ne ko faranti, V mai lanƙwasa in wutar gida ce. Om kuwa sai an kashe wuta an cire kayan daga layi, in ba haka ba na'urar ce za ta tafi. Amper ta fi sauƙin aunawa da abin awo mai baki kamar na ƙaguwa, ka maƙala shi a waya ɗaya tak, ba biyun tare ba, kuma in na sola ne ka tabbatar irin da ke auna wutar batir ne. Kuskuren da yaran shago suka fi yi shi ne barin jan tsinke a ramin 10A sannan su cusa shi a priz. A wannan ramin na'urar kamar guntun waya take, tartsatsi ne zai tashi a fuskarsu. Da ka gama auna amper, mayar da tsinken ramin V kafin ka ajiye.

In kana zargin waya, yi abin da na yi a Talaje. Kunna dukkan kayan, auna bolt a kan batir, auna a ƙarshen layi, ka debe wannan daga wancan. In bambancin ya wuce rabin bolt, bi wayar da hannunka daga batir har ƙarshe, kana tsayawa a kowane ɗauri, har ka iso inda ɗumin yake.